Kujera Biyu a Bakin Tafki

Yandoola, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Narelle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya zafin arewa? Allah ya sa marasa lafiyarki suna jin maganarki fiye da yadda kika riƙa jin tawa kina yarinya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwa tana nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kunne kuwa kin san halinsa, ƙarar injin girbi da injin ruwa sun gama da shi. Shi ya sa nake ce miki ki daina wahalar da kanki da waya. Kina can kina ihu, ina nan ina "na'am, na'am" ban ji komai ba. Takarda ta fi, ita ba ta gajiya da maimaitawa.

Hular da kika aiko ta iso, na gode ƙwarai. Na sa ta na je coci, maƙwabciyata Dulcie ta ce na yi kama da laimar kwaɗi. Hassada ce kawai.

Alkama ta yi kyau bana. Ruwan Satumba ya sa ciyawa ta kai ƙugu a gefen hanyoyi, ga shi yanzu tana bushewa. Manomi yana murna, ɗan kwana-kwana yana tsaki, kuma a garin nan mutum ɗaya ne su biyun.

Ga babban labari. Na sauka daga shugabancin ƙungiyar kwana-kwana ta garinmu. Raelene Pfitzner ce ta karɓa, wadda kuka yi makaranta tare, mai jifan samari da dutse. Ta iya, ba zan ɓoye ba. Ni kuma an yi mini abin da ake yi wa kowane dattijo, an ba ni tafki. Kin tuna tsarin: in wuta ta tashi, matasa su bi ta da motoci, tsoho ya kai injin jan ruwa bakin tafki, ya tayar da shi, ya zauna. Mota ta zo ta cika tanki ta koma. Akwai kujera mai naɗewa, da laima, da filas ɗin shayi, kuma babu mai damunka da surutu don kai kaɗai ne. Haka aka yi wa mahaifina, kujerar ma ita ce dai. Ni ina tafkin kudu, a gonata. Clarrie Kloeden yana na arewa, a tasa. Allah ya yi mana rahama da nisan da ke tsakani. Har yau mutumin nan yana cewa shingena ne ya faɗi ragonsa ya shiga cikin tumakina, alhali duk garin an san gefensa ne ya ruɓe.

Sai wata 'yar tambaya, tunda ke ce nas. Ranar Lahadi da muka yi atisaye, ina sauke injin daga bayan a-kori-kura ina jansa zuwa bakin ruwa, sai ƙwannafi ya taso mini, har kafaɗar hagu, har muƙamuƙi. Na zauna kaɗan ya wuce. Ya yi mini haka sau biyu ko uku, kuma kullum bayan na ci naman sosejin Dulcie da albasar nan da take jiƙawa a ruwan tsami. Ki rubuto mini sunan maganin da ya fi, wanda nake saya a kanti alli ne kawai.

Naki,
Kawu Merv


Barrinja, Kimberley, 21 ga Nuwamba

Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau. Ina lafiya, aiki da godiya. Hadari ya fara haɗuwa, mutanen nan suna cewa daminar bana za ta zo da ƙarfi. Na yi murna da alkama, kuma ka gaya wa Dulcie hular nan ba ta shiga harkarta ba.

Kawu, ba zan aiko da sunan magani ba. Na karanta ƙarshen wasiƙarka a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ƙwannafi ba ya jiran sai mutum ya ɗauki kaya mai nauyi kafin ya taso, ba ya hawa kafaɗa da muƙamuƙi, kuma ba ya wucewa don an zauna. Abin da ka kwatanta, haka zuciya take kuka in jini bai ishe ta ba. Soseji kullum kake ci tun kafin a haife ni.

Ku 'yan kwana-kwana wuta kuke tsoro, ban ga laifinku ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa a bakin wannan aiki, wuta ko gashin girarsu ba ta taɓa ba, zuciya ce take kayar da su. Duba yadda abin yake. Kana zaune kana shan shayi, jiniya ta yi kuka, ka zabura ka sa kaya masu kauri cikin zafin da ko kare ba ya fita. Gumi yana zuba, jini yana kauri, hayaƙi yana shiga ƙirji, ga nauyin inji. Jijiyar da ta riga ta ƙuntata, a irin wannan ranar take toshewa. Wani lokaci ma sai an gama komai, ana naɗe mesa, sannan mutum ya sulale.

Kuma abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tafkin nan. Na san girmamawa ce, na sha kai wa mahaifinka shayi a can ina ƙarama. Amma ku duba abin da kuke yi: ku zaɓi wanda ya fi kowa tsufa, ku ba shi inji mafi nauyi, ku ajiye shi inda babu ido ɗaya a kansa. In ya faɗi, wa zai sani? Sai mota ta dawo shan ruwa.

Abu biyu nake roƙonka. Ka je wurin likita a wannan makon, ba bayan girbi ba. Kuma kada ka ƙara zama a tafki kai kaɗai. Gara ka ji daga bakina: na buga wa Raelene waya na gaya mata na biyun. Ban faɗa mata maganar ƙirjinka ba, wannan taka ce.

Ka yi naka, Kawu, ka yi har da na wasu. Ƙungiya za ta iya ci gaba ba kai.

Taka,
Narelle


Yandoola, 3 ga Disamba

Narelle,

Na ga wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, girbi ya kankama.

To, sannu da aiki. Raelene ta tashi a taro ta ce daga yau babu dattijon da zai zauna tafki shi kaɗai, bibbiyu za a riƙa ajiyewa. Ba ta ambaci suna ba, amma duk ɗakin ni aka juyo ana kallo, don an san wa yake da 'ya nas. Kuma dattijai nawa ne a ƙungiyar? Biyu. Ni da Clarrie Kloeden. An rufe tafkin arewa, an turo mini shi kudu, cikin gonata.

Ranar atisaye ya zo da bokiti ya kife ya zauna, don na ce kujerar ta mahaifina ce. Ya san ba na ji in inji yana aiki, sai ya samo sanda. Duk sa'ad da zagi ya zo masa, sai ya zungure ni a haƙarƙari in juyo in karanta a bakinsa. "Kurma, ka cika mai kuwa?" "Kurma, tumakinka har yau kama da ragona suke yi, ko godiya babu." Wannan ce kulawar da kika samo mini.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jikina ne, na fi shekara sittin a cikinsa. Likita kuwa tafiyar yini ce zuwa da dawowa, alkama ba za ta jira ni ba. In an gama girbi na gani.

Kin ce ƙungiya za ta iya ci gaba ba ni. Na ji. Ban san har arewa aka san na zama kayan ajiya ba. Lokacin da mahaifiyarki ta rasu kika zo gidan nan da jakarki ɗaya, ban buga wa kowa waya a bayan idonki ba.

Merv


Barrinja, 15 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ruwa ya sauka sosai, hanyar mota ta riga ta yanke, jirgin wasiƙu kaɗai ya rage mana.

Layinka na ƙarshe ya yi mini zafi, kuma ka san zai yi. Ban manta da komai ba. Kai da marigayiya Gwaggo Beryl kuka riƙe ni alhali dangantakarmu ta nesa ce, da kun kawar da kai babu mai zarginku. Na ba ka haƙuri a kan kunyar da ka ji a taro. A kan sauran kuwa ban janye ko kalma ɗaya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga kek ɗin Kirsimeti na sa a gwangwani, Allah ya sa ya iso da ransa. Ka yanka wa Clarrie, ko ɗan siriri ne. Barka da Kirsimeti tun yanzu. Ka je wurin likita.

Taka,
Narelle


Barrinja, 19 ga Janairu

Kawu,

Ban san yaushe wannan takarda za ta fita ba. Guguwa ta bi ta kanmu farkon wata, filin jirgi ya zama tafki, layin waya ya tsinke. Mu dai lafiya, rufin ɗakin ajiyar magani ne kawai ya tafi. Zan ba matuƙin jirgin farko da ya iya sauka.

Kafin layin ya tsinke na yi ta buga wayar gidanka, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na ce wa kaina ba ka ji ne. Na kuma ce wa kaina kana gani tana haske ka ƙyale, don fushi. Girman kai ya hana ni neman Raelene, na ce na riga na jawo maka surutu sau ɗaya.

Shekaranjiya ina wanke wa wani yaro ciwo, rediyo yana kunne. Aka ce wuta ta ci gonaki a yankin Yandoola, kuma an ɗauki wani ɗan sa-kai, dattijo, a jirgin likitoci zuwa Adelaide bayan ya yanke jiki ya faɗi a bakin injin ruwa. Ba a faɗi suna ba. Ba a faɗi ko yana da rai ba. Aka wuce zuwa labarin wasan kurket. Na gama ɗaure ciwon, ban san yadda na yi ba, don uwar yaron ce ta karɓi almakashin daga hannuna.

Tsoro nake ji, Kawu, irin wanda ban ji ba tun rasuwar Mama. Ina ta karanta wasiƙarka ta ƙarshe, wadda ko "naki" ba ka sa ba, ina cewa Allah kada ya sa ita ce ta ƙarshe da gaske.

Na ce ƙungiya za ta iya ci gaba ba kai. Gaskiya ce, kuma don hankalinka ya kwanta na faɗa. Abin da ban rubuta ba, don na ɗauka ka sani, shi ne ni ba zan iya ba. Kai kaɗai ka rage wanda ya san ni tun ina tsoron kaji.

In kana fushi, ka rubuto ka zage ni. Zan yi murna da zagin.

Taka har kullum,
Narelle


Asibiti, Adelaide, 2 ga Fabrairu

'Yata Narelle,

Ina gaishe ki, gaisuwar mai jin kunya. Ina da rai, ina da lafiya daidai gwargwado. Na san Raelene ta same ki a waya da layinku ya dawo, amma yarinyar nan ba ta iya ba da labari ba, kamar rahoton oba-oba take yi. Dulcie ce ta kawo mini wasiƙarki ta Janairu. Ta Kirsimeti kuwa ta same ni tun a gida, na danne ta da tukunyar shayi ina hura hanci. Kek ɗin na cinye ni kaɗai, ban ba Clarrie ba.

Ga yadda aka yi. Tsawa ce ta faɗi a karan alkama, ba ɗigon ruwa, ga iskar arewa kamar bakin tanda. Jiniya ta kama ni ko karyawa ban yi ba, shayi kawai na kurɓa. Muka kai inji tafki ni da Clarrie, motoci suna zuwa suna komawa, hayaƙi ya rufe rana ta koma ja. Can inji ya mutu. Na miƙe, Clarrie ya ture ni ya ce, "Matsa, tsoho, kada 'yarka ta kai ƙarata." Ya yi ta fizgar igiyar nan yana zagin injin da wanda ya ƙera shi, har ya tashi. Ya koma kan bokitinsa yana haki, ya zungure ni ya ce, "Ka gani? Haka maza suke yi."

Mota ta cika ta tafi. Ina kallon hayaƙi, sai na lura haƙarƙarina ya samu hutu. Da farko na ce madalla. Sai kuma na ce a'a, Clarrie Kloeden bai taɓa yin shiru haka don Allah ba. Na juya. Ya zame daga kan bokitin, sandar tana hannunsa, fuskarsa kamar toka. Na girgiza shi, na kira shi da duk sunayen banzan da na sani. Babu numfashi.

Na ɗauki oba-oba na yi ihu a ciki. Ko sun amsa ban sani ba, kin san kunnen. Na maimaita, na sake maimaitawa, na jefar da ita na durƙusa na shiga danna masa ƙirji kamar yadda aka koya mana a kan mutum-mutumin roban nan da muke yi wa dariya. Ina dannawa ina cewa, "Ba a gonata ba, Clarrie, wallahi ba a gonata ba." Na karya masa haƙarƙari biyu. Har yau yana cewa da gangan ne.

Raelene ta ji kiran. Ta bar bakin wuta ta zo da na'urar nan mai farfaɗo da zuciya, suka manna masa, ya yi tsalle kamar kifi, ya ja numfashi. Sauran kin ji a rediyo. Da tsohon tsari ne, yana tafkin arewa shi kaɗai, kuma ranar iska ta juya, babu motar da ta bi ta can sai yamma. Gawa za a tarar a bakin ruwa.

Yanzu ga abin da Raelene ba ta sani ba. Ina cikin danna ƙirjin nan, sai nawa ya kama. Ƙwannafin nan dai, har kafaɗa, har muƙamuƙi, ya fi na kullum. Kuma cikina babu komai sai shayi, Narelle. Babu soseji, babu albasa, babu Dulcie da zan ɗora wa laifi. A nan durƙushe cikin laka na san gaskiyarki. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Kina tsammanin na faɗa wa wani? Ina! Na koma gida na ciyar da karnuka. Sai bayan kwana biyu na biyo Raelene zuwa nan don in kawo wa Clarrie tabarau da haƙoransa na roba. Muna tsaye likita ta shigo, wata 'yar siririya mai suna Dokta Vasilakis. Clarrie ya ɗaga yatsa daga kan gado ya nuna ni ya ce, "Likita, ni kun gama da ni. Ga jakin da za ku duba. Tun Disamba nake ganinsa yana dafe ƙirji yana yi kamar aljihu yake lalube." Na ce ƙarya yake yi. Ta ce, "Baba, zauna." Na ce mota tana jira. Raelene ta ce motar ba ta sauri.

Suka ɗora ni a kan injin nan da mutum yake tafiya ba ya zuwa ko'ina. Ban yi nisa ba likitar ta kashe shi. Jijiyoyi biyu sun kusa rufewa. An zura wasu 'yan bututu an buɗe su, ta nan wuyan hannu, ina kallo a talabijin. Ta ce da na ci gaba da jan inji a wannan zafin, da wuya in ga ƙarshen wata. Gadon da aka ba ni kuwa, don Allah ki canka kusa da wa yake.

An kashe wutar ba mu. Kara ya ƙone, tumakin Clarrie kaɗan sun tafi, gida ko ɗaya bai kama ba. Shingen da muka yi shekaru muna rigima a kansa ya ƙone ƙurmus, gefena da gefensa, babu sauran shaida. Da aka gaya mini an yi nasara ba na nan, na jira in ji haushi, sai na ji sanyi a raina. Raelene ta ce kafin zafin baɗi duk wanda ya haura hamsin sai likita ya saurari ƙirjinsa, kuma matasa ne za su riƙa sauke inji su tayar. Mu namu zama da buɗe ruwa. Ta sayi kujera ta biyu, an yi ritayar bokiti.

Na gode, Narelle. Na gode da kika ƙi aiko maganin. Na gode da wayar da kika buga a bayan idona, mutum biyu suna numfashi saboda ita. Maganar da na yi a kan zuwanki gidana da jaka ɗaya, ki yafe mini, bakin tsoho ne mai jin tsoro. Babu abin da ya shigo gidan nan da ya fi jakar nan albarka, Beryl ma haka take cewa.

Layin da kika ce ba ki rubuta ba, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ba ni da amsa mai daɗi, hannuna na noma ne. Abin da zan iya shi ne wannan: ina shan ƙwayoyin duka, har da 'yar ƙaramar mai ɗaci, ina zagaya barandar nan safe da yamma, kuma in kin zo hutu a Afrilu za ki tarar da ni a tashar mota da hular nan a kaina, Dulcie ta faɗi abin da za ta faɗa.

Naki, naki, tunda wancan karon na hana ki,
Kawu Merv

Ƙari: Clarrie ya ce in gaya miki ya gode, amma kada in ƙawata maganar. Ma'aikatan asibiti sun ƙwace masa sanda, sai ya naɗe jarida. Yanzu haka yana zungurina da ita a haƙarƙari, shi ya sa rubutun ya karkace. Ki bar shi ya yi ta yi. In ya daina ne zan kira nas.